Izgar Dokin Samad

Mutanen Hillar Malam Sambo, wani ƙauye da ke bakin tur'a, babbar hanyar ruwan noma, tafiyar hantsi a kan jaki daga Wad Haddad, ba su cika haɗuwa a kan magana ɗaya ba. Amma a kan Falalu bakinsu ɗaya ne. Maza su ce ɗan Liman ne da ya gaji ubansa, ko kara aka gitta masa ba ya tsallakewa. Mata su ce ba a taɓa ganin ƙafarsa a wurin wasa ba, ko ranar bikin ƙanwarsa a ƙofar gida ya tsaya yana karɓar baƙi, ya ba kiɗa baya. Larabawan da ke maƙwabtaka da hawasharsa, wato gonar audugar da hukumar noman Jazira ta ba gidansu, su kuma cewa suke mutum ne miskini, wato marar faɗa, ruwansa bai taɓa ɓallewa ya shiga gonar wani ba. Matarsa Sakina ce kaɗai in ta ji ana wannan yabo sai ta ci gaba da shafa kisirarta, wainar dawa mai faɗi ta ƙasar, a kan tanda. Ita ta san in ya kwanta ƙailula yatsun hannunsa na hagu motsi suke yi a kan ƙirjinsa, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai lalubar wani abu.

Abin ya samo asali tun yana yaro. A hillar akwai wani mutum, Usmanu mai goge, wanda ya baro ƙasar Sakkwato da ƙafa yana saurayi da niyyar Makka, gogensa rataye a baya. Ya tsaya a Jazira ya tsinci auduga kaka ɗaya don ya sami guzuri. Kakar ta zama biyu, ya yi aure, ya haifu, matar ta rasu, ya yi furfura, Makka tana nan gabas tana jiransa. Ba shi da hawasha tasa. Ƙodago yake yi a gonakin mutane, galibi a ta Alhaji Ali, samad ɗin hillar, mai kula da rabon ruwa da kai maganar manoma gaban hukuma. In an yi biki ko suna kuwa, ranar Usmanu ce. Falalu yakan kwanta rub da ciki a bayan dangar kara yana saurare, har ranar da Liman ya kama shi a can, ya ja kunnensa zuwa gida, ya faɗa masa da dorina a hannu cewa su allo suka gada, ba roƙo ba. Daga ranar ba a sake ganinsa a bayan danga ba. Bayansa ya warke, kunnensa dai bai toshe ba.

Da ya girma ya karɓi hawashar daga hannun ubansa, sai ga rediyo ya iso Wad Haddad. Wani Balarabe mai shayi ya ajiye ɗaya a kan kanta, babba kamar akwatin amarya, ya lulluɓe shi da ƙyalle. Ranar kasuwa Falalu yakan gama sayayyarsa da wuri, ya ɗaure jaki, ya sa a zuba masa shayi, ya zauna can ƙarshen benci. Labarai ba su dame shi ba. Jira yake a sako makaɗan Omdurman, masu udu, molon Larabawa, da kamanja mai kama da goge, kamanjoji da yawa suna tashi tare suna sauka tare kamar iska a kan gonar dawa. Shayin ya huce a hannunsa, ƙuda ya faɗa ciki, bai sani ba.

"Ya faki," in ji mai shayin, yadda Larabawa ke kiran malami, "in ba ka sha, ba ni kofina, wasu na jira."

A kunnen Falalu kamanja da goge 'yan ɗaki ɗaya ne da aka raba tun suna ƙanana, ɗaya ya tafi birni ya sa takalmi, ɗaya ya zauna ƙauye. A hanyar komawa yakan yi ta gunguni da abin da ya ji, yana haɗa shi da kiɗan Usmanu, jaki na kaɗa kunne. Da ya hango rufin masallaci sai ya koma tasbihi.

Ba rana ɗaya ya yanke shawara ba. Ƙwaryar da Sakina ke auna gari da ita ce ta fara ɓata. Sai wani guza da ya kama a bakin tur'a, ya ba masu ci naman, ya riƙe fatar. Sai sanda, sai 'yan ƙusoshi. A ƙarshen hawasharsa yana da rakuba, 'yar rumfar kara da yake fakewa rana, nesa da hanya. Can ya haɗa abinsa a hankali, yadda idonsa ya riƙe tun yana yaro, ya ɓoye cikin tarin karan dawa. Saura tsirkiya. Ya gwada zaren kamun kifi, ya gwada wayar birkin keke, abin ya yi ta kuka kamar an taka mage. Goge izga yake so, gashin wutsiyar doki, a jikinsa da kuma a jikin bakan da ake goga shi da shi. Da ya je wurin Usmanu ya roƙa, da ya samu. Amma roƙon izga daidai yake da ya hau kan masallaci ya faɗa wa gari abin da yake yi. Jakuna kuwa sun cika hillar, raƙuman Larabawa na zuwa da kaka, doki dai ɗaya ne tak, na Alhaji Ali.

Wata rana bayan azahar ya je gidan samad da gaskiyarsa, zai tambayi ranar da ruwa zai zo layinsu. Rana ta take, gari ya yi tsit. Aka amsa masa daga cikin gida cewa Alhaji ya kwanta. Da ya juyo sai ga dokin ɗaure a gindin darbejiya, yana kaɗa wutsiya baƙa wuluk, doguwa har tana share ƙasa. Falalu ya tsaya. Ya ce a ransa 'yan sili kaɗan ne, ko dokin ba zai sani ba. Ya zaro wuƙarsa ta aljihu. Dokin ya zabura, Falalu maimakon ya saki sai ya ƙara damƙa, ya yanka a inda hannun ya tsaya, can sama kusa da tushe. Abin da ya fito ya cika tafin hannu. Abin da ya rage a jikin dokin kamar tsohuwar tsintsiya. Ya cusa izgar a aljihun jallabiya, ya bi ta bayan gidaje, bai haɗu da ko kaza ba.

Shi a tunaninsa, in abin ya yi muni a ce aikin yara ne. Ya manta da abin da kowane ɗan hillar ya sani: ba a yankar gashin dabbar mutum, ko a ɗebi ƙasar sawunsa, sai in ana nufin a yi masa asiri. Ga shi kuwa a cikin makon gwiwar Alhaji Ali ta kumbura, har sai an kama shi yake miƙewa. Magana ta tashi daga bakin tur'a inda mata ke wanki, ta bi zauruka. Sai wani ya yi tambayar da ta tsayar da kowa: a duk hillar nan wa ke da aiki da izga?

Aka kira Usmanu ƙofar masallaci bayan la'asar, aka ce ya zo da gogensa. Liman na zaune a kan buzu, dattawa kewaye da shi, Alhaji Ali a kan gadon igiya da aka ɗauko masa, ya miƙe ƙafar mai ciwo. Falalu na bayan ubansa, inda ya saba zama, riƙe da buta.

"Ya Usmanu," in ji Alhaji Ali, "tun kana da baƙin gashi kake cin kisirar gidana. Mi dokina ya yi maka?"

"Samad, ni da dokinka ko gaisawa ba mu yi. Shi yana da girman kai, ni ina da aiki."

Wasu suka yi dariya, suka haɗiye ta da suka ga fuskar Alhaji.

"Izgar da ke ga gogen nan, daga ina ta fito?"

"Wani direban lori ya kawo min daga Sinnar tun bara. Ta dokin karusa ce da ya mutu."

"Ina direban?"

"Yana inda lori ya kai shi."

Wani dattijo ya karɓi gogen da yatsu biyu, kamar mai ɗaukar ƙazanta, ya ɗaga shi sama. "Baƙa ce," in ji shi.

"Baƙa ce," in ji Usmanu. "Gashin kanka ma da baƙi ne, ba a ce ni na kwashe shi ba."

Liman ya ɗaga hannu. "Bar wasa, Usmanu. Za ka dafa Alƙur'ani?"

Tsohon ya girgiza kai. "Allah shi gafarta Malam, shekara da shekaru kuna cewa hannun mai goge bai da tsarki. Yau ne ya yi tsarki? Ban yanka ba. In bakina bai isa ba, hannuna ma ba ya isa."

Mutane suka dubi juna. A wurinsu wanda ya ƙi rantsuwa ya amsa laifi. Liman ya yanke cewa kada a sake jin goge a hillar sai gaskiya ta fito. Alhaji Ali ya ƙara da nasa, kada ya sake ganin ƙafar Usmanu a hawasharsa, halas, magana ta ƙare. Usmanu bai yi gardama ba. Ya karɓi gogensa, ya ari wuƙar na kusa da shi, ya sa ta ƙarƙashin tsirkiyar ya ɗaga. Ta tsinke da wata 'yar ƙara, gashin ya barbaje yana lilo. Falalu ya ji ƙarar har a haƙoransa. Ya buɗe baki, wallahi ya buɗe. Sai ubansa ya miƙo hannu baya, ko waiwayowa bai yi ba, yana neman buta. Ya miƙa masa.

Ya yi kwanaki bai leƙa rakuba ba. Ya yi niyyar jefa izgar a tur'a, ya je har bakin ruwa, ya dawo da ita. A ƙarshe ya ɗaura ta a gogen. Da ya ja bakan karo na farko, abin da ya fito ba kukan mage ba ne. Murya ce, mai kauri, mai ɗan shaƙewa, irin wadda ya sani tun yana kwance a bayan danga. Ya ajiye gogen ya rufe fuska da hannu, bai san ko murna yake yi ko mene ne ba. Kuma ya sake ɗauka. Abin da ya fi ci masa rai ke nan daga baya. Ya sake ɗauka, kullum, da zarar rana ta kori mutane daga gonaki. Yatsun da suka yi shekaru suna motsi a banza suka sami wurin sauka. Da fari ya yi ta kuskure, ya danna nan abin ya fito can, sai ya koma baya ya sake, har kiɗan ya fara kama da abin da ke cikin kansa. Muddin bakan na tafiya ba ya tuna komai. Da ya tsaya sai ya ji ƙarar tsirkiyar da ta tsinke.

A cikin gari aka yi wani biki da tafi da kiɗan ƙwarya kawai, mutane suka watse tun ba a gama rabon abinci ba. Yara suka sami abin wasa, in Usmanu ya wuce su kama bayan rigarsu suna kaɗawa. Ranar Juma'a yakan tsaya a sahun ƙarshe, a bar gurbin mutum ɗaya tsakaninsa da na kusa da shi, ba mai cikewa. 'Yarsa Ramatu, da ke soya ƙosai a bakin gada, ta fara komawa gida da rabin abin da ta soya, don wa zai ci daga hannun gidan masu asiri? Ko rediyon Wad Haddad ya daina yi wa Falalu daɗi. Kamanja ta tashi, shi kuma ya ga gashi yana lilo. Ya shanye shayinsa da zafi ya tashi, har mai shayin ya tambaye shi ko lafiya.

Sai ya shiga gyara abin ta bayan gida. Kullum da safe ya bi ta gada ya sayi ƙosan Ramatu, mai yawa. Da lokacin tsinkar auduga ya zo, ya je har ƙofar Usmanu ya ce ya zo ya yi aiki a hawasharsa. Gari ya ɗauka da yabo: kun ga ɗan Liman, ko mai laifi bai bari ya kwana da yunwa. Kowane yabo sai ya ji kamar an ƙara ɗora masa buhu a ka.

"Ƙosai kuma?" in ji Sakina wata safiya da ta buɗe ƙunshin. "Baban Su'ad, mu da yara ne gidan nan, ba ma'aikatan jirgin ƙasa ba. Ko akuya ta fara kauda kai."

"Sadaka ce."

"Sadaka waje ake kai ta, kai kana kawo ta gida." Ta jawo kujera ta zauna kusa da shi, ta rage murya. "Ranar da na wanke jallabiyarka na ga baƙin gashi cikin aljihu, kowane sili ya kai tsawon hannuna. Na ce to, nawa dai bai kai haka ba, kuma ban san macen da nata ya kai ba."

Falalu ya ture ƙunshin ƙosan gefe.

"Ƙwaryata na yafe maka, da ma ta fara tsagewa. Sauran ba ni za ka roƙa ba."

"In na faɗa, Malam fa? Da wane ido zai dubi mutane?"

"Malam ubanka ne, zai yi fushi, zai huce. Wancan tsoho wa gare shi?"

Usmanu ya zo aiki, ya ɗaura buhu a ƙugu, ya bi layin auduga kamar kowa, ba ya magana sai gaisuwa. Falalu ya daina taɓa gogen. Ya daure, ya daure, har wata rana da rana ta yi tsaka masu tsinka suka tafi gida cin abinci, gona ta yi fayau. Ya duba gabas ya duba yamma. Ya ce ja ɗaya kawai. Ya zaro shi daga cikin kara, ya fara da wani kiɗan Usmanu da ake yi wa manoma, sai hannunsa ya zarce da kansa zuwa wani juyi da ya ɗauko a rediyo, inda kamanja ke hawa sama ta tsaya tana rawa kafin ta sauko. Ya rufe ido. Da ya buɗe, akwai inuwar mutum a bakin rakuba.

Ashe tsohon bai tafi gida ba, a bayan tarin buhunan auduga ya kwanta.

"Ci gaba mana," in ji shi.

Bakan ya faɗi daga hannun Falalu. Usmanu ya sunkuya ya shigo, ya zauna a ƙasa, ya ɗauki bakan ya kaɗe masa ƙura.

"Farkon nawa ne. Ƙarshen ba nawa ba ne. Ina ka samo shi?"

"Rediyo, Baba."

"Na Larabawa? Ya yi daɗi. Ban san goge na iya hawa can ba." Ya miƙo hannu. "Kawo in gani."

Ya juya ƙwaryar, ya ƙwanƙwasa fatar da farce, ya bi izgar da babban yatsa daga sama har ƙasa, a hankali. Falalu ya ji kamar bayansa ake bi da yatsan.

"Ta yi yawa, shi ya sa yake shaƙewa. Wagga ta isa goge biyu, har a sam ma maƙwabci." Ya zare wasu sili, ya gyara zaman ɗan itacen da ke ɗauke da tsirkiyar, ya laluba aljihu ya fito da guntun ƙaro. Ashe har yanzu yana yawo da shi. Ya goga wa bakan, ya ɗora shi a kan tsirkiya, yatsunsa suka hau wurinsu. Sai ya tsaya a haka. Ya sauke, ya miƙa wa Falalu. "An hana ni."

"Baba Usmanu, ni ne..."

"Kada ka faɗa min nan. Nan ba kowa sai ni da auduga, mu biyun kuwa mun sani. Tun ranar masallaci na sani. Kowa ni yake kallo, kai kaɗai kake kallon gogen."

"Mi ya hana ka faɗa musu?"

"In ce ɗan Liman? Da sun ce asirin ya taɓa min kai." Ya yi 'yar dariya marar ƙarfi. "Kuma na san ciwon. Ni da na goyo goge zan tafi ɗakin Allah, ni zan tambayi wani mi ya kai shi?" Ya tashi yana dafa gwiwa. "In an gama tsinka za mu tafi Damazin, ni da Ramatu. An ce ana gina babbar madatsa can, mutanenmu sun cika wurin, ba mai yi musu kiɗa. Ita ma ta gaji da soya ƙosai don mutum ɗaya." Ya kai bakin rakuba ya juyo. "Riƙe ƙaron. Kuma daina danna yatsa da ƙarfi, ba ciyawa kake cira ba."

Da tsohon ya zage shi, ko ya ja shi gaban samad, da ya fi masa sauƙi. Guntun ƙaron nan a aljihunsa ya fi dutse nauyi. Ya sha zuwa wurin ubansa da maganar a bakinsa, ya gaishe shi, ya dawo da ita. Ranar da ya fi kusa faɗa, ya tarar da Liman a zaure yana kai takarda kusa da hanci yana nisantar da ita.

"Zauna, Falalu. Idona ya fara gajiya. Na yi magana da dattawa, bayan kaka kai za ka riƙa jan salla in ban iya fitowa ba. Ba wanda ya ce a'a. Alhaji Ali ma cewa ya yi, ai da ma."

Falalu ya ce to. Ya fito ya bi bakin tur'a har gona. Bai ɗauki gogen ba, kusa da shi kawai ya zauna kamar mai jinya.

Aka gama tsinka, aka kwashe buhuna, aka saki awaki cikin gonaki. Ranar kasuwar Wad Haddad da hantsi lori ya tsaya a bakin gada. Ramatu ta hau kan kaya da kaskonta. Usmanu kuwa ya bi al'adar da suka taho da ita daga yamma: mai barin gari ba ya tafiya sai ya tsaya gaban dattawa an yafi juna, don ba wanda ya san inda rai zai tsaya. Ya zo ƙofar masallaci, gogensa marar tsirkiya rataye a baya, kamar yadda ya shigo ƙasar. Dattawa na nan. Alhaji Ali na nan, gwiwa ta sace tuntuni, dokin ɗaure a gefe, wutsiyar ta fara tohowa. Falalu na bayan ubansa. Amma yau ba buta ce kusa da shi ba, buhu ne da ya ɗauko daga gona tun da sassafe, bai kuma san ko zai iya kwance bakinsa ba.

Usmanu ya cire takalmi ya durƙusa. "Jama'a, na zauna da ku tun ina saurayi. Wanda na saɓa wa, da sani ko ba sani, shi yafe mini."

"Mun yafe, mun yafe," in ji dattawa, wasu suna kallon gefe.

Alhaji Ali ya gyara rawani. "Ni ma na yafe, Usmanu. Wutsiya ga ta tana tohowa, ƙafa ta warke. Abin da ka yi tsakaninka da Allah ne. Ma'alesh, ba komai, tafi lafiya."

"Na gode, Samad," in ji tsohon, ya sunkuyar da kai.

Wannan godiyar ce Falalu ya kasa haɗiyewa. Liman ya ɗaga hannu zai fara addu'a, sai ya ji motsi a bayansa. Falalu ya kwance buhun. Ya fito da gogen, ya ratsa tsakiyar dattawa, ya ajiye shi a ƙasa gaban kowa, baƙar izgar tana sheƙi a rana. Sauran da bai ɗaura ba, ƙunshe cikin tsumma, ya ajiye a gaban Alhaji Ali.

"Falalu," in ji Liman yana ƙanƙance ido, "mine ne wancan?"

"Goge ne, Baba. Nawa ne. Ni na haɗa shi da hannuna, ni nake kaɗa shi a gona."

Muryar ta fito ƙarama, har ya ji na baya suna tambayar juna me ya ce. Ya ɗaga ta yadda bai taɓa ɗagawa ba, ko a karatu.

"Samad, ni na yanki wutsiyar dokinka. Ba asiri ba ne, tsirkiya nake so. Ina zaune nan anka kira wanga bawan Allah, ina riƙe da buta, ban ce komai ba."

Daga bakin gada direba ya danna hon. Falalu bai dubi ubansa ba, ya san in ya duba ba zai ƙarasa ba. Ya juya ya durƙusa a gaban tsohon, gwiwa da gwiwa, ya ƙasƙantar da kansa har ya fi nasa ƙasa.

"Baba Usmanu, na ɗauki kiɗanka ban roƙa ba. Na bar ka da laifina, na sa ka tsinke tsirkiyarka da hannunka. Ka ce kada in faɗa maka a gona, to ga shi ina faɗa a gaban kowa. Na cuce ka. Don Allah ka yafe mini."